Kabad ɗin Yallaɓai Daga-Sama

Duk layinmu babu mai hangen nesa kamar Yallaɓai Daga-Sama, kuma shi da kansa ya tabbatar mana da haka ba sau ɗaya ba. Sunan ya samo shi ne tun yana aikin ofis, inda ko biro ka roƙa sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sai umarni ya zo daga sama." Ya yi ritaya a matsayin Mataimakin Shugaban Sashen Ajiya. Sai dai Allah ya jarrabce shi da wani irin tari mai ladabi, wanda ba ya taso masa sai zai faɗi kalmar farko ta muƙamin. Da haka maƙwabta suka san shi da Shugaba, shi kuwa mutum ne mai kawaici, bai taɓa gyara musu ba.

Shaidar aikinsa ɗaya ce: wani allon katako mai kauri da aka ba shi ranar sallama, an zana muƙamin a jiki, ba tare da tarin ba. Kowace safiya sai ya goge shi da hannun rigarsa, in baƙo ya nemi gani kuwa, ya riƙe masa daga nesa, babban yatsa a kan layin farko.

To, ƙungiyar mazauna layi ta tashi zaɓen shugaba, aka ce a falonsa za a zauna. Nan Yallaɓai ya ga matsala. Allon dole a gan shi, amma kada a karanta shi. Sai dabara ta faɗo masa: ya sayo kabad irin mai hawa-hawa, akwatuna masu ƙofar gilashi da ake ɗora ɗaya kan ɗaya a kafe su a bango. A na can ƙoli allon zai zauna, inda ido zai ga ƙyalli, ba zai ga rubutu ba.

Kafintan da masu sayar da kabad suka turo bai ko cire takalmi ba aka sallame shi. Takardar bayanin da ta zo cikin kwali kuwa, Yallaɓai ya yi fifita da ita. Matarsa, maman yara, ta ɗaga ta, ta ga hoton farko, ta ce, "Baban yara, kamar na ƙasa ake fara ajiyewa, sauran su hau kansa."

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa mai ba shi shawarar magani.

"Maman yara, shi ya sa gidaje da yawa ba su ci gaba ba. Tsari daga sama yake farawa. Ka kafa na ƙoli, na ƙasa su san matsayinsu. Ni da na riƙe sashe guda, akwati ne zai koya mini aiki?"

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta koma kicin. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Ranar aikin ya sa hular kwano da ya aro, ya soka fensir a kunne, ya hau tsani da injin huda bango. Gaskiya a faɗe ta, ya yi gumi. Ya kafa na ƙoli daf da silin, ya sauko ya ja da baya ya yaba wa kansa. Ya manna na biyu a ƙarƙashinsa, sannan na uku. Da aka zo na ƙarshe, wanda ya kamata ya zauna daram a ƙasa ya goya 'yan'uwansa, sai ga shi yana reto, tsakaninsa da daɓe kamar kaurin yatsu uku. Duk jerin akwatunan ya rataya ne a kan 'yan ƙananan ƙusoshin da aka yi su don hana jirkicewa kawai.

Yallaɓai ya leƙa giɓin, ya ce, "Na bar shi ne don iska ta riƙa ratsawa. Zamani ke nan."

Ya kuma ba da umarni a cika kabad da farantan tangaran na maman yara, waɗanda ta gada wurin mahaifiyarta, don baƙi su san gidan ba na yunwa ba ne.

Ranar taro da hantsi ya shiga wanka, ya bar allon a kan tebur, yana nufin ɗora shi a ƙoli a gaban jama'a, da jawabi. Maman yara na shara sai ta ji ƙiiii. Ta ɗaga kai, ta ga garin siminti na zubowa, kabad ya fara rabuwa da bango, farantan uwarta na kaɗa haƙora. Ta yar da tsintsiya. Ta tura littafi a giɓin, ya yi siriri. Ta tura matashin kujera, ya lotse. Ta waiga, idonta ya sauka kan tebur. Allon ya shige kamar don wurin aka sassaƙa shi, ta ƙarasa shi da dunduniya. Kukan ya tsaya.

Baƙi suka cika kujeru: mai kemis, direban tanka, malamin lissafi, da tela da ba ya rabuwa da tabarau. Yallaɓai ya fito yana ƙamshi, ya dafa tsani, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, ku dubi wannan aiki. Hannuna ne. Haka nake son layinmu ya zama: na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, kowa ya san gurbinsa. Maman yara, miƙo mini lambar yabon nan."

Ta nuna ƙasa da haɓa.

Ya duba, ya sake dubawa. Ya durƙusa da babbar rigarsa ya kama gefen allon ya ɗan ja. Kabad ya ce ƙiiii, farantai suka amsa.

Ta ce, "Baban yara, ja mana. Sai dai in farantin Inna ɗaya ya fashe, ni da kai ne."

Ya saki. Ni dai a nan na ji tausayinsa ya kama ni, don na ga zufa na bin wuyansa. Amma namiji ne, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Da gangan ne. Shugaba na gari shi ne tushe."

Har an fara gyaɗa kai. Sai tela, wanda sana'a ta saba masa da duba bakin zare, ya sunkuya ya gyara tabarau. Kabad ya haɗiye allon duka, ban da layin farko da ya leƙo waje. Tela ya karanta a hankali, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji: "Ma-tai-ma-kin..."

Yallaɓai ya yi tari. Ya makara.

An yi zaɓe cikin raha, mai kemis ya ci. Shi kuwa Yallaɓai ba a bar shi hannu rabbana ba. Direban tanka ya ce tunda ga gwani da shaidarsa a rubuce, a ba shi abin da ya ƙware a kai, kowa ya ɗaga hannu, har maman yara daga ƙofar kicin. Har yau shi ne mataimaki, allon kuma yana nan inda yake.