Askar Baban Mai Burodi

Ina sabon zuwa Samaru, ban san kowa ba sai kwamfutata ta aikin zane, wani mai gidan burodi daga unguwar PZ da ke Sabon Gari ya kawo min tambarinsu. Da fensir ya zana fuskar marigayi mahaifinsa, wanda bai bar hoto ko ɗaya ba. Yana so in fitar da zanen tsaf a kwamfuta, yadda ko an faɗaɗa shi a allon shago ba zai dushe ba.

Na ce, "Alhaji, ka zo inda ya dace."

Na rufe ɗaki na bi zanen layi-layi. Hula ta zauna, gemu ya daidaita. Sai na ga wasu 'yan layuka a kowane kunci. Na yi murmushi irin na ƙwararru, na ce hannun Alhaji ne ya yi rawa, na goge su tas. Da ina da wanda zan nuna wa, da ya tsayar da ni, amma kwamfuta ba ta musu.

Ranar kafa allon dangi suka taru. Wata tsohuwa, ƙanwar marigayin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kyakkyawa ne kam. Ɗan gidan wa? Yayana dai da askar gidanmu aka binne shi."

Na mayar da askar, amma magana ta riga ta zaga Sabon Gari. Har yau in na sauka a PZ sai wani ya ɗaga murya, "Ku rufe kumatunku, ga wanzami mai gogewa!"

Ina amsawa kuwa. A garin nan su kaɗai ke kirana.