Ƙwaron Dajin Ido Uku

In ana maganar ɗaukar hoton ƙananan halittu, sai a sara wa Ido Uku. Bai taɓa ɗauka ba tukuna, amma wannan ƙaramin abu ne. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi, sai ya gyara maka tsayuwa saboda haske.

Da ƙungiyar masu hoto ta ce kujerar shugabanci ta wanda ya kawo hoton ƙwaro mafi kyau ce cikin wata guda, a ranar ya ba da ɗinkin sabuwar riga.

Mako uku ya yi yana zaɓen kaya. "Ni mutumin daji ne," ya gaya wa mai shago. "Kyamara nake so marar nauyi, in jefa a aljihu in nausa." Aka miƙo ƙarama, ya ce ta 'yan koyo ce. Aka kawo babba, aka ɗaura mata gilashin da ke mai da tururuwa ɗan akuya, tsawonsa kamar taɓarya. Gilashi ya ce sai da fitila biyu. Fitila ta ce sai da sanda mai ƙafa uku. Kayan aljihu suka iso gida a bayan mota, mutum biyu na kamawa.

Ran fita daji ya saɓa jaka, ya kai bakin ƙofa, bayansa ya ce ƙas! Kwana shida yana kwance a doguwar kujerar falo, yana susa, yana nazari.

"Maigida, a fitar da kujerar nan rana mana," in ji matarsa.

"Ke, kar ki katse wa mai fasaha tunani."

A nan kwance ya ga wani abu na tafiya kusa da hancinsa. Ya saita, ya danna.

Ranar hukunci dattawa uku na ƙungiyar suka zo, ya jera su a kujerar, ya haska musu hoton a talabijin. Sai ga wata dabba ja-ja-wur, mai gashi da ƙafa shida.

"Sai da na ƙetare rafi biyu," in ji Ido Uku. "Turawa ma ba su sa masa suna ba. Ina tunanin ba shi nawa."

Baba Mai Fasfo, wanda ya tsufa a hoton fasfo, ya gyara tabarau.

"Kai, yaro, gilashin nan naka ba ya ƙarya. Har zare ya fito. Ƙasar dajin shuɗiya ce, mai ratsin fari?"

Baba ya sake duban talabijin. Ya dubi tsakanin gwiwoyinsa: yadin kujerar shuɗi ne, mai ratsin fari. Ya miƙe a hankali, yana kakkaɓe riga.

"Ba sai ka ba shi naka ba. Kuɗin cizo sunansa."

Sauran biyun har sun kai ƙofa.

Shugabanci ya tafi wajen wani mai ƙaramar kyamara. Amma kada a ce Ido Uku ya rasa kujera. Tana nan a falo, kuma har yau ba wanda ke takara da shi a kanta.