Haƙarƙari a Cikin Waken Marasa Cin Nama

Ranar Talatar nan saura ƙiris a fitar da ni daga gidan abinci da ƙarfin tsiya, ni Shefik, tsohon direban bas da bai taɓa ɗaga wa fasinja murya ba. Laifina kawai na tsamo haƙarƙari daga cikin wake.

Ga yadda aka yi. Ɗana Nedim, wanda ke aiki a Jamus, ya ce zai kawo mana Lamiya, yarinyar da zai aura. Iyayenta mutanen ƙasar nan ne, amma a can ta girma, kuma ba ta cin komai da ya fito daga jikin dabba. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ko zuma ba ta lasa. Da ya faɗa wa uwarsa Raziya a waya, sai da ta laluɓi kujera ta zauna.

"To me take ci, ɗan nan? Iska?"

Ba wannan ne ya fi tayar mana da hankali ba. Yarinyar ta ce gara a yi bikin a Jamus, domin yawancin ƙawayenta irinta ne, a garinmu kuwa yunwa ce za ta kashe su. Ita kuma Raziya tun yaron yana rarrafe take tsara bikinsa a tsakar gidanmu, ga 'yan'uwanta tsofaffi da ba za su iya doguwar tafiya ba. Ta miƙo mini hulata ta ce, "Tashi, maigida. Kada in gan ka sai ka samo inda yarinyar nan za ta ci ta ƙoshi."

Na fita da ƙwarin gwiwa. Ai bara Mai Girma shugaban garinmu, Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfin yanke ƙyallen buɗe ayyuka, ya raɗa wa garinmu suna Birnin Koren Abinci. An yi kaɗe-kaɗe, an kafa alluna. An tura ayarin manya ƙasashen waje su koyo mana yadda ake cin ganye, bayin Allah suka dawo wandunansu ba sa rufuwa. Ribar wannan wahala da suka sha dominmu ita ce ɗan hoton koren ganye da aka ce za a manna a ƙofar duk gidan abincin da ke girka wa marasa cin nama.

Na ga ganye a wata ƙofa, na shiga.

"Kawu, me za a kawo?" in ji mai kai abinci.

"Abin da ganyen ƙofarku yake nufi."

Ya leƙa ƙofar kamar yau ya fara ganinta, ya shiga ciki ya kawo mini wake. Ina sa cokali, sai ga haƙarƙarin saniya mai banda ya ɗago kai yana kallona.

"Wannan fa, ɗana, a wace gona ake shuka shi?"

"Haba Kawu, ai don ɗanɗano ne. Ture shi gefe."

"Na ce maka ba nama."

"To a kawo kaza?"

A nan muryata ta ɗan tashi. Mai gidan ya fito yana goge hannu, ya riƙe kafaɗata yana nuna mini hanyar waje. Ya ce shi bai roƙi kowa ganye ba. Wasu ne suka zo a farar mota, suka manna, suka ci gasasshen nama, suka wuce. Har mai facin taya na kusa da shi an manna wa, don hotunan sun rage musu a jaka.

A tashar bas na haɗu da maƙwabcina Milorad.

"Maƙwabci, wannan fuska fa? Kamar an ce fansho ya sake makara."

Na zayyana masa komai, har da cewa Nedim ya ce yarinyar tana mutuwar son girkin mutanen Tailan. Ya buga cinya ya ce, "To ai sai Wanfen, matar Ziyad wanda ya yi aikin jirgin ruwa! Daga can ya auro ta. Tana da rumfa a tsohuwar kasuwa."

Mun manta cewa tsohuwar kasuwar tuni manyanmu suka rushe ta, don su gina mana Kasuwar Abincin Duniya. Kada a yi musu butulci, sun buɗe ta har sau biyu: ranar da aka haƙa rami, da ranar da aka sa ƙofa. Rufi ne kawai ya rage. Muka tarar da kududdufai da tattabaru da maigadi. Na tambaye shi ina aka kai 'yan kasuwar.

"Ni ƙofa aka ba ni tsaro," ya ce, "ba a ba ni mutane ba."

Hancin Milorad ne ya cece mu. Muna bi ta bayan tashar mota ya tsaya yana shinshine-shinshine, ya ja ni har garejin Ziyad. Ga Wanfen zaune cikin gwangwanayen madarar kwakwa, da awara, da ɗanyar citta, da taliyar shinkafa, da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami. Ta saurare ni har na gama, tana danne dariya.

"Baba, ka zo daidai. Sai dai in cire romon kifi, shi ke nan. Amma ba ni da izinin sayar da dafaffen abinci."

Ashe ba a ba da izinin sai kana da rumfa a sabuwar kasuwa, ba a kuma raba rumfa sai an yi rufi. Dubi hikima! Ta haka ba wanda zai taɓa yin ciwon ciki a garin nan.

Sai Wanfen ta ce, "Sayarwa aka hana ni. Ba a hana ni zuwa gaishe da Yaya Raziya ba."

Ranar Asabar ta zo da kayanta. Raziya, wadda ko ni ba ta bari in taɓa mata ludayi, ta tsaya a bakin kicin ta harɗe hannu tana kallon baƙuwa na daka barkono da tafarnuwa a turminta. Can na ji ihu: "Yaya, ajiye!" Ashe man shanu Raziya ta ɗebo za ta jefa a tukunya a ɓoye, wai kada a ce ta ba surukarta ruwa tsura. Kafin azahar dai sun shirya, har Raziya na yanka kabewa tana ba ta labarin ƙiriniyar Nedim.

Lamiya ta iso tare da Nedim a ɗarare, na kuma hangi ƙullin gyaɗa a jakarta, irin guzurin mai shirin kwana da yunwa. Aka zuba mata shinkafa da miyar kwakwa mai kabewa da awara. Ta kai cokali ɗaya, ta sake kaiwa. Ta cinye, ta miƙa faranti aka ƙara.

"Mama, a wane gidan abinci aka sayo wannan?"

"A kicin ɗina, 'yata," in ji Raziya, "ga malamata nan."

Yarinyar ta dubi tsakar gida ta taga, ta dubi Nedim, sannan ta tambayi Wanfen ko za a iya girka wa taron biki irin wannan.

"Ki sa surukarki ta ara mini manyan tukwanenta, ki kuma ɓoye man shanu."

An tsayar da magana: da bazara, a tsakar gidanmu. Milorad ya ce za a gasa rago a bayan katangarsa saboda mu tsofaffin masu laifi. Raziya ta yi ta share ido tana cewa barkono ne.

Labari ba ya kwana a garin nan. Da safiyar yau na ji Mai Girma a rediyo yana cewa shirinsa ya fara dawo da 'ya'yanmu gida, kuma da kansa zai halarci bikin. Muna maraba, ranka ya daɗe. Na riga na ware maka kujera a tsakiyar ƙawayen amarya, nesa da katangar Milorad, amma daidai inda iska ke kaɗo ƙamshin ragon.