Nomau da Bakin Rijiya

A ƙauyen Maiturmi akwai wani bawan Allah, Nomau, da matarsa Tabawa mai tuyar masa. Nomau ga ƙarfi ga zafin nama, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Tabawa har ta rantse sakacinsa ne zai mayar da ita gidan ubanta.

Wata rana za ta shiga barka, ta ce, "Malam, duba min miyar nan." Nomau ya jawo kujera ya duba ta tsaf. Ta tafasa, ta ƙafe, ta kama, yana dubawa. Da ta dawo ya ce, "Na duba. Tun ɗazu take hayaƙi."

"Wannan shi ne sakaci," in ji Tabawa. "In ka ga abu na hayaƙi, zuba masa ruwa."

Wata rana ya hango hayaƙi a tukubar mai tsire. Gogan naka ya cika bokiti daga randa, ya sheƙa a guje ya antaya. Nan take tsire ya koma farfesu. Ya sha zagi ya dawo, ya tarar kaza ta faɗa randar da ya bari a buɗe.

Tabawa ta ƙulle kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. "Saura ɗaya in tafi. Duk abin da ka gani a buɗe, ka rufe shi."

Hankalin Nomau ya tashi, don yana son matarsa ƙwarai. Ya rufe ƙwarya, ya rufe turmi, har takalmi sai da ya kife.

Wata rana maƙwabcinsu Barau ya tafi karin kumallo da masu haƙa masa rijiya, suka bar ramin haka nan. Nomau na gani, ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya rufe bakin, ya danne da duwatsu. Tabawa ta ga ɗaki ba ƙofa, ta ɗora kayanta a kai ta fito. Barau ma da ya ji labari ya taho yana kumfar baki.

Suna isowa bakin rijiyar suka yi cirko-cirko. 'Yar Barau, wadda ta fara rarrafe, tana zaune a tsakiyar ƙyauren tana bubbuga shi da hannu. Barau ya lallaba ya ɗauke ta, ya rungume ta.

"A buɗe na ga rijiyar," in ji Nomau, yana satar kallon matarsa a tsorace.

Tabawa ta sauke kayan ta miƙa masa. "Ungo, Malam. Kai min ɗaki."