Ruwan Inna Tabawa

Shekarar da aka turo ni koyarwa wani ƙauye kusa da Tsanyawa, na yanke robar lemo, na zana mata layuka, na kafa ta bayan aji don yara su koyi auna ruwan sama.

Juma'a na tafi gida. Litinin na tarar da ruwa har layi na huɗu. Baba Ɗanlami, wanda ya ara mini 'yar gona, ya tona ƙasa ya ce, "Malam, yayyafi ne kawai. Dakata."

Na ce, "Baba, kimiyya ba ta ƙarya."

Na shuka irin gerona kaf, ɗalibaina na yi mini tafi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba.

Bayan mako guda na ga Inna Tabawa, maƙwabciyar makaranta, tana tsiyaya wa robata ruwa daga buta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam, da ka tuna da kaji, ka kafa musu abin shan ruwa."

Baba Ɗanlami ya ba ni wani irin. Amma har yau, duk safiyar da ƙasa ta jiƙe, sai ya ce, "Malam, mu shuka, ko Inna ce ta yi ruwa?"