Fatar Ragon Layya a Akwatin Mota

Tsohuwar motar da na gada wurin mahaifinmu aibunta ɗaya: kwalin da ke cikin ɗan akwatin gabanta, inda ake ajiye takardu, ya ruɓe. Na ce da fatar ragon layyata zan maye gurbinsa.

Matata ta ce, "Malam, kai ta majema tukuna."

Na ce, "Mece ce jima in ba gishiri da rana ba?"

Kwana biyu na shanya ta, na manna da gam, na rufe. Motar ta yi mako a rana.

Ranar da muka je Ƙofar Taramniya neman wa ƙanena aure, Kawu ne a kujerar gaba, ya sha babbar riga da turare. Muna tsayawa ƙofar gidan surukai na ce, "Kawu, buɗe nan ka ga aiki."

Ya buɗe. Wari ya bugo, tsutsotsi suka zubo masa a cinya. Ya dube ni ya ce, "Wanga mushe, kai kak kashe shi?"

An ba da auren dai, daga nesa. Amma har yau, duk Babbar Sallah, fatun unguwa ƙofar gidana ake jibge su, wai a ba Sarkin Jima.