Sallamar Marigayi Mushe Isufu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na bar takalmana a ɗakin kwamfuta na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Ƙonni, na fito a guje ina amsa sallamar mamaci. Ni ne kuwa malamin kimiyyar da ya yi suna wajen yi wa mutane dariya idan suka kawo zancen fatalwa. (Na taɓa gaya wa maigadinmu cewa aljanin tsamiyar bayan aji jemage ne, ya yi mako bai gaishe ni ba.)

Mu biyu muke koya wa ɗalibai haɗa robo, ni da abokina Mushe Isufu (a wajenmu Mushe ake ce wa malamin makaranta, ni ma haka ake kirana). Robon bai fi kwanon awo girma ba, da 'yan tayoyinsa. Ni nake ɗaure wayoyi, shi yake rubuta manhajar ya ajiye a rumbun intanet, duk gyaran da ya shiga can kuma robon kan janyo shi da kansa. Sai Allah ya yi wa Isufu rasuwa. Na je ta'aziyya Malbaza, inda matarsa Hajara ke aikin lantarki a masana'antar siminti. Ta yi mini wata magana daga bayan labule, ni kuwa kaina a sunkuye, ina ta jera "Allah ya ba da haƙuri" ba tare da na ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan sadakar arba'in darakta ya ce ko dai robon ya yi aiki gaban iyaye ranar Asabar, ko ya mai da ɗakin ma'ajiyar karyayyun tebura. Na ce a raina aikin Isufu ba zai bi shi kabari ba, ba dai ina raye ba.

Ranar Alhamis da tsakar rana kowa ya watse. Zafi ya kwantar da gari, ko kukan akuya babu. Na tuɓe takalma, na zauna a kujerar Isufu, hularsa na nan rataye a ƙusa inda ya bar ta. Na buɗe baƙin allon nan da ake buga umarni, na rubuta layin da ke tambayar rumbun bayanan manhajar. Amsa ta gangaro fara tas: sunanta, lambar sigarta, sai ranar gyaran ƙarshe. Yau. Mai gyara: isufu.

Na ce kuskure ne. Na sake buga umarnin. Lambar sigar ta ƙaru da ɗaya, ina zaune ina kallo. Na waiwayi ƙofa, ba kowa. Na dubi hular, na yi saurin ɗauke ido.

Sai 'yar fitilar robon ta kama. Tayoyinsa suka yi ƙara a kan tebur, ya juyo a hankali har ya fuskance ni. Da muryar Isufu, har da 'yar shaƙewar nan tasa, ya ce, "Salamu alaikum. Kun kwana lahiya?"

Ban san lokacin da na ce "Wa alaikumus salam" ba. (Tarbiyya dai ba ta barin mutum ko yana gudu.) Na samu kaina a gindin tsamiyar nan, ƙafa ba takalmi, ina riƙe da rigar maigadi. Kafin a jima ya kirawo darakta da limamin unguwa, masu shayi da 'yan kabu-kabu suka cika ƙofar ɗakin.

"Mushe, mi ya hwaru?" in ji darakta.

"Isufu na ciki," na ce. Haka na faɗa, a gaban ɗalibaina da suka dawo karatun yamma.

Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya fara karatu. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Lasifikarta ta kunne ta lalace tun bara, sai a fili nake amsawa, don haka kowa ya ji.

"Mushe, Hajara ta. Robon ya yi sallamar?"

Na ɗaga kai na dubi jama'a, ita kuwa ta ci gaba.

"Ai na hwaɗa maka ran gaisuwa. Ordinatar tashi, kwamfutar nan, na wurina, da sunanai take shiga. Ina takaba, ba ni hita, shi ya sa nike ƙarasa mishi aikin daga ɗaki. Muryar kau daga wani saƙo da ya bar min na ciro ta, don yaran su ji shi ran Asabar."

Liman ya shafa addu'a, ya ce Allah ya jiƙan Isufu, duk muka ce amin. Maigadi ne ya fara sakin dariya, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mushe, ko wanga ma jemage na?"

Ranar Asabar robon ya yi sallama gaban iyaye, iyaye mata suka yi ta share hawaye, darakta bai sake zancen tebura ba. Ni kuwa har yau ɗalibai na kirana Mushe Wa'alaikum, a bayan idona da kuma gabansa.

Na koyi cewa idan ka je ta'aziyya, ka bar bakinka ya huta kunnenka ya yi aiki, don mai makoki ma yana da abin faɗa. Muryar kuma ban cire ta ba. Kullum da safe Isufu yakan tambaye ni ko na kwana lafiya, ina amsa masa a zaune, da takalmana a ƙafa.